Ranar da Baffa Ya Je Gumel Raba Lissafi

Ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa cigiyar hulata alhali tana kaina, ba na jin zan manta da wata Asabar ta tsakiyar bazara, ranar da Baffa ya sa ni a gaba, da goro da zabi biyu da ƙwaryar man shanu, muka nufi Gumel don ya sasanta ni da malamina. Abin da ya haɗa mu kuwa wata 'yar alamar lissafi ce da tsawonta bai kai ƙwayar shinkafa ba. An daɗe da yin abin, amma har yau in ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin fiziks, kuma abin da nake nazari a kai shi ne iskar gas da aka sanyaya har ta kusa kai wa ƙarshen sanyi, inda babu sauran wani sanyi a gaba. A ƙasashen da ke da kayan aiki, sukan tara ƙwayoyin zarra a cikin ɗan akwatin gilashi da aka zuƙe iskarsa, su yi ta dukansu da hasken leza ta kowace fuska har gudunsu ya mutu, sannan su riƙe su a tsakiyar akwatin ba tare da sun taɓa bango ba. In sanyin ya kai inda ake so, sai ƙwayoyin su saki halin da aka san su da shi. Maimakon kowace ta kama gabanta, sai taron gaba ɗaya ya riƙa motsi kamar abu guda. Akwai kuma dabarar da ake yi da maganaɗisu a ƙara ko a rage yadda suke jan junansu, kamar mai murɗa rediyo. Ni dai ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikin abubuwan nan da idona ba. Nawa aikin na biro da takarda ne, in lissafa abin da ya kamata masu akwatin su gani. Ina zaune a ɗakin kwanan ɗalibai, fanka ta mutu tun zamanin waɗanda suka riga mu, gumi na ɗiga a kan takarda, ina lissafin wurin da ya fi ko'ina sanyi a duniya.

Malamin da ke duba aikina farfesa ne, mutumin Gumel, dogo, mai muryar da in ya yi gyaran murya a ƙarshen baranda ɗalibai kan tuna suna da uzuri a wani wuri. Ya iya koyarwa, wannan ba a musu. Shi ya ba ni wani lissafi da ya yi shekaru da dama da suka wuce, ya ce in ɗora kundina a kansa. Tambayar da lissafin ke amsawa ita ce: in aka matse taron ƙwayoyin nan ya zama fale-fale kamar faifai, aka kuma murɗa jan da ke tsakaninsu ya kai maƙura, taron zai tsaya ko zai rufta ya dunƙule? Amsar Farfesa ita ce ruftawa zai yi. Ya faɗi haka a aji, ya faɗa a taro, yana ji da wannan sakamakon kamar yadda mutum ke ji da ɗansa da ya zama likita.

Ni kuma Allah ya yi ni da wata ɗabi'a: ba na iya tsallake layin lissafi sai na sake yin sa da hannuna. A haka na zo wani wuri inda ya ɗauko wani ɓangare daga layin sama zuwa na ƙasa, sai na ga alamar ɗebewa da ke gabansa ba ta biyo shi ba. Ta tsaya a sama, shi ya sauko shi kaɗai. Da na mayar da ita na bi lissafin zuwa ƙarshe, sai labari ya juye. Ƙwayoyin ba ruftawa suke ba. Kamawa suke bibbiyu, kowace da abokiyarta, su kuma waɗannan bibbiyun su riƙa ture junansu, taron ya tsaya daram. Na sake yi, na sake yi, ina roƙon Allah ya sa ni ne na ɓata. Ban ɓata ba.

Ga kuma ranar kare kundi tana matsowa, an ma riga an turo sunan baƙon farfesan da zai zo daga wata jami'a ya yi mini tambayoyi, mutumin da aka ce har waƙafi yake dubawa. In na miƙa kundin da amsar malamina, baƙon zai kama, wahalar shekaruna ta tafi a banza. In na gyara a ɓoye, malamina zai ji labarin kuskurensa a gaban baƙo da ɗalibai, daga bakin yaron da ya rena da hannunsa. Hanya ta uku ita ce in je in gaya masa. Kowane mai hankali zai ce ai wannan ita ce hanyar. To, mai hankalin nan ba a rugarmu ya tashi ba.

Mu Fulanin gefen Sule Tankarkar ne. A gidanmu ba a kallon babba cikin ido, ba a kiran sunansa, in yana magana ko da ya ce rana daga yamma take fitowa, abin da za ka ce shi ne to. A kan wannan tarbiyya kuma sai aka ɗora mini tawa kunyar ta halitta. Na yi ta zuwa ofishin Farfesa da takardun a hammata. In yi sallama, in durƙusa, in tambayi gajiya, in tambayi iyali, in yi masa sannu da zafi. Ya ɗago ya ce, “Akwai wani abu ne?” In ce, “Babu, ranka ya daɗe, gaisuwa ce.” In fito da baya-baya. Har labari ya zo mini cewa yana ba da misali da ni a aji, wai a zamanin nan bai ga ɗalibi mai ladabi irina ba.

Da abin ya ishe ni sai na tafi gida hutun ƙarshen mako, ko zan sami sarari in yi tunani. Inna ta dama fura ta aiko, na kurɓa kaɗan na ture. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta yi mini magana kai tsaye. Ta zo ɗaukar ƙwaryar, ta dube ta, ta ce wa ƙwaryar, cikin Fillanci, wasu mutane sun dawo kamar karan dawa, kuma ba a san abin da ke cin su ba. Kafin la'asar sai ga Baffa.

Baffa yayan mahaifina ne, kuma a duk faɗin yankinmu, daga Sule Tankarkar har Gagarawa, in shanu suka shiga gona ko aka yi faɗa a bakin rijiya, shi ake kira. Yana da salon aikinsa da bai taɓa saɓawa ba. Masu rigima ba sa magana da juna a gabansa, shi ke faɗin ta bakin kowa. Ba ya taɓa cewa wane ne mai laifi. Laifi a wurinsa kamar naman layya ne, kowa sai ya sami kasonsa. An taɓa kawo masa ƙarar shanun da suka cinye riɗin wani manomi tas, ya sa makiyayin ya biya, sannan ya juya ya yi wa manomin faɗa don me zai shuka abu mai kyau haka a bakin burtali yana jarraba dabbobin mutane. Kuma in ya gama, ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, magana ta mutu ke nan. Wanda ya sake tono ta, shi da Allah da kuma Baffa.

Ya zauna a gindin darbejiya ya ajiye sandarsa. Ya ce, “An ce ba ka cin abinci. Mace ce ko jarrabawa?”

Na ce ba ko ɗaya, wata 'yar matsala ce tsakanina da malamina.

“Wa ya fara zagin wani?”

Na ce ba a yi zagi ba, shi malamin ma bai san da matsalar ba. Na shiga yi masa bayani, ina zane a ƙasa da tsinke. Abin mamaki, ya saurara tsaf, don sauraro sana'arsa ce. Da na gama sai ya ce, “Su 'yan dabbobin nan, naka ne?”

“Ba dabbobi ba ne, Baffa. Kuma ba nawa ba ne.”

“Nasa ne?”

“A'a. Ni ban san mai su a kusa da nan ba.”

“Ka taɓa ganinsu?”

“A'a.”

“Shi fa?”

“Ina jin ya taɓa leƙa akwatin, lokacin da yake karatu a waje.”

Baffa ya gyaɗa kai kamar likitan da ya gano ciwo. Ya ce ya taɓa raba irin wannan, wasu 'yan'uwa biyu da suka daina gaisawa a kan maraƙin da ba a haifa ba tukuna. Ya tambayi ɗan wane gida ne malamin a Gumel. Da na faɗa sai fuskarsa ta washe. Ya ce, “Bamange? Ai bawana ne. Ranar Asabar yana gida ko? Shirya.” Mangawa reshen Barebari ne, tsakaninsu da mu kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na cewa shi ne ubangijin ɗan'uwansa. Na roƙe shi, na ce wannan ba irin maganar da ake kai wa gida ba ce. Ya ce duk maganar da ta hana mutum shan fura ta gida ce.

Sulhu ba a zuwa ba shaida, don haka ya ɗauko amininsa, wani dillalin shanu na kasuwar Maigatari, gajere mai baki kamar rediyo, wanda rabin rayuwarsa a tsallaken iyaka ya yi ta, shi ya sa duk malamin boko a wurinsa Mushe ne, yadda mutanen can ke kiran malami. Muka shiga motar haya zuwa Gumel, daga tasha muka hau adaidaita. Su biyu suka hakimce da manyan riguna, ni aka ba ni zabin na rungume, takarduna a ƙarƙashin cinya. Duk ramin da muka faɗa sai zabin su kwarma ihu, mutanen gefen titi su juyo. Na yi addu'ar taya ta fashe. Ba ta fashe ba.

Muka tarar da Farfesa a rumfar ƙofar gidansa, cikin jallabiya, yana shan shayi yana karanta jarida. Ban taɓa ganinsa ba takalmi sau-ciki ba, sai na ji kamar na leƙa abin da bai kamata ba. Ya dubi dattawa biyu, ya dubi ƙullin goro, ya dube ni da zabi a ƙirji, ya cire tabarau.

Ya ce, “Lale marhabin. Amma tun kafin ku zauna, 'ya'yana mata manyan duk suna ɗakunansu, ƙaramar kuma tana firamare.”

Baffa ya ce, “Kwantar da hankalinka, Bamange. Ubangida ba ya neman aure a gidan bawansa, ɗauka kawai yake.”

“Au, Bafillace ne. Shi ya sa tun daga nesa na ji warin man shanu. Ku shimfiɗa masa tabarma, kujera za ta ba shi jiri.”

Aka yi dariya, aka zauna, aka shiga gaisuwa. Aka gaida gida, aka gaida shanu, aka gaida zafi, aka yi maganar ruwan da ake jira. Ni ina can ƙarshen tabarma, na ƙura wa wata tururuwa ido ina yi mata hassada, don ita tana da ramin shiga. Sai da aka sha ruwa aka fasa goro, sannan Baffa ya gyara zama ya sauya murya zuwa ta aiki.

Ya ce, “Malam, a kan ɗanka muka zo. An sami ɗan saɓani tsakaninku.”

Farfesa ya ce, “Saɓani? Da wannan? Yaron da ke zuwa gaishe ni safe da yamma?”

“To, gaisuwar ce ta yi yawa ai. Ka saurara. Akwai wasu 'yan halittu da kuke kiwo a takarda. Kai ka ce in sanyi ya kai musu karo, suka matsu da son juna, garken ruftawa yake ya dunƙule. Shi kuma ya ce a'a, bibbiyu suke kamawa, kowane biyu su ce wa na kusa da su matsa can, garke ya tsaya da ƙafarsa. Ya ce wata 'yar sanda ce ta ɓace maka a hanya. Haka ne ko ba haka ba, ni ban sani ba, ta bakin kowa na faɗa.”

Na ga murmushin Farfesa yana janyewa a hankali kamar ruwan da ƙasa ke shanyewa. Ya juyo gare ni. Ya ce, “Kai, haka ne?”

Baffa ya ɗaga hannu. “Kada ka tambaye shi. Ba magana aka kawo shi ya yi ba.”

Daga nan ya shiga yanke hukunci. Ya ce Malam babba ne, ya yi karatu har inda jirgi ke gajiya, ba zai yiwu a ce ya yi kuskure ba. Yaro kuma ya sha wahala, ya rame, ba zai yiwu a ce ya tashi a tutar babu ba. Don haka abin da ya gani shi ne a raba. Rabin garken ya rufta saboda girman Malam, rabi ya tsaya saboda wahalar yaro.

Dillali ya ce, “Ko kuma a yi musu lokaci. Da rani su rufta, da damina su tsaya. Kowa ya samu.” Ya matso ya kama hannun Farfesa da hannu ɗaya, ya miƙo ɗayan ya cafko nawa, yana jan su wuri guda kamar yadda yake yi a kan bijimi. “Mushe, rage kaɗan. Kai ma ɗan boko, ƙara kaɗan. Ita sandar nan, a sa ta a farkon littafi a cire ta a ƙarshe. Wa zai ƙirga? Ku sallama, albarka ake nema.”

Na ɗauka Farfesa zai fashe. Na san shi, na ga yadda ya taɓa yi wa wani ɗalibi a kan abin da bai kai wannan ba. Amma sai ya tsare ni da ido ta saman hannun dillali, kallo mai tsawo. Sannan ya ce, a sanyaye, “To, dattawa sun yi magana. Ni na yarda. In yaron bai da ta cewa, a raba.”

Baffa ya ce alhamdulillahi, ya tattara hannun rigarsa, ya ɗaga tafukansa sama. Dillali ya ɗaga. Farfesa ma ya ɗaga, idonsa na kaina.

Na san abin da fatihar nan take nufi. In aka shafa, an rufe. Ba zan sake iya tayar da maganar ba, ba a ofis ba, ba a ko'ina ba, sai dai in zama wanda ya tone abin da Baffa ya binne. Zan shiga gaban baƙon farfesa da kundin da farkonsa ke ƙaryata ƙarshensa. Amma gaskiya ba ma baƙon ne ya fi tsaya mini a rai ba a wannan lokacin. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne hoton shafin kansa, da alama a sama babu ita a ƙasa, kuma wai da yardata. Baffa ya buɗe baki zai fara.

Na ce, “Ba ta rabuwa.”

Muryar ta fito kamar ta ɗan akuya. Hannaye suka tsaya a sama. Baffa ya juyo ya dube ni kamar tabarmar ce ta yi magana.

Farfesa ya ce, “Ban ji ba.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ba ta rabuwa. Ko tana nan ko ba ta nan. Kuma tana nan. A wurin da ka sauko da ɓangaren jan da ke tsakanin ƙwayoyin, ka bar alamar ɗebewa a layin sama.” Da na ga ban mutu ba sai na ci gaba. Na ce in aka mayar da ita, ƙarfin da ke ture bibbiyun daga juna ya fi wanda ke jawo su ciki, don haka taron ba zai rufta ba. Na ce na bi ta wata hanyar daban ma na sake fitowa wuri ɗaya. Duk wannan tururuwar nake gaya wa, amma a fili.

Ya sauke hannunsa ya ce, “Kawo.”

Na jawo takardun, sun jiƙe da gumi, ga gashin zabo a manne. Ya zare biron da ke aljihuna da kansa, ya ɗora takardun a kan jaridarsa, ya duƙufa. Shayinsa ya huce, ƙuda ya faɗa ciki bai sani ba. Baffa da dillali, da suka rasa abin yi, suka shiga cin goron da suka kawo masa. Lokaci-lokaci zabin su yi ƙara daga inda aka ɗaure su. Na ga biron ya sauko layi-layi, ya zo daidai wurin, ya tsaya. Ya koma sama. Ya sake saukowa. Ya tsaya a nan dai.

Ya ajiye biron, ya murza idanunsa. Ya ce, “Tun yaushe ka gani?”

Na ce tun kafin azumi.

“Tun kafin azumi. Wato duk durƙuson nan da kake zuwa kana yi mini, da wannan a hammatarka kake yi?” Muryar baranda ta dawo. “Ina ta yabonka a aji, ashe kallona kake ina tafiya bakin rami kana yi mini sannu da zafi. Da so kake sai baƙo ya zo ya nuna mini a gaban yara?” Ya juya wurin dattawa ya ce, “Yaron nan ya yi daidai. Ni na yi kuskure. Shekara da shekaru ina faɗin abin da ba haka ba.”

Wanda wannan magana ta fi tayar wa hankali ba ni ba ne, Baffa ne. Ya ce, “A'a, a'a, Malam, ba a haka. Mutum ba ya kwashe laifi duka shi kaɗai, ai sai ya danne shi.” Ya shiga nema masa mafita. Ko mai buga takardar ne ya ci sandar? Farfesa ya ce da hannunsa ya rubuta. Ko biron ne ya tsaya a daidai wurin? Ya ce biron lafiya lau. Dillali ya ce ƙila zafi ne, zafin Gumel yakan sa mutum ya manta sunan matarsa. Farfesa ya ce a ƙasar da ya yi lissafin ƙanƙara ke zuba. Tun da Baffa yake sulhu bai taɓa tashi daga tabarma ya bar laifi a dunƙule a hannun mutum ɗaya ba, ga shi yau Bamange zai ɓata masa tarihi.

Can sai idonsa ya faɗo kaina, ya yi haske. Ya ce, “Tsaya. Kai Malam ka ce yaron ya ga rami ya yi shiru?”

“Ya yi.”

“Watanni?”

“Watanni.”

“To ai ga kasonsa nan. Kai ka yar da sanda, shi ya tsinta ya ɓoye. Sannan ya katse fatiha, wannan kuma nawa ne, za mu yi ta a gida.” Ya sauke ajiyar zuciya kamar wanda ya sauke buhu. “Tashi ka ba malaminka haƙuri.”

Haka na rarrafa na durƙusa gaban Farfesa, ni da na zo da gaskiya, na ce a yafe mini. Ya ce ya yafe, da sharaɗin ranar Litinin in zo ofis in tsaya a gaban allo, a tsaye, in yi masa lissafin daga farko da muryar da ake ji. Sannan aka ɗaga hannu aka shafa fatihar, wannan karon ba wanda ya katse. Da za mu tafi ya ce wa Baffa kada ya kuskura ya kai labarin nan kasuwa, a ce Bafillace ya gyara wa Bamange lissafi. Baffa ya ce haba, shi da bawansa ai sai rufin asiri. Kafin Alhamis, ranar kasuwa, ta kewayo, har masu sayar da igiya a Maigatari sun ji. Zabin kuwa Farfesa bai mayar ba.

Ranar kare kundi baƙon ya buɗe shafi ya ɗora yatsa a daidai wurin nan, ya ce ya lura sakamakon ya saɓa da abin da mai duba aikin ya daɗe yana faɗa. Kafin in buɗe baki Farfesa ya ce daga inda yake zaune, “Na da ɗin kuskurena ne, shi ya gano. Tambaye shi, zai yi maka bayani.” Na yi bayanin har na kai ƙarshe, aka ba ni digirina. Abin da har yau ban sani ba shi ne ko da gaske Farfesa ya yarda a raba a ranar nan, ko tura ni bango ya yi don ya ga ko ina da baki. Na taɓa tambayarsa bayan shekaru, ya yi dariya ya ce in gaida masa ubangidansa.

Abin da na koya shi ne girmama babba ba shi ne ka ga ya sa riga a bai-bai ka bar shi ya fita da ita don kana jin nauyinsa ba. Matsawa kusa ake, a rage murya, a gaya masa tun yana cikin gida. Na daɗe ina kiran shiruna ladabi, alhali rabinsa tsoro ne kawai da ya sami suna mai kyau. Maganar da ka kasa faɗa a ɗaki, daga kai sai shi, tana nan tana jiranka. Wata rana za ka faɗe ta a gaban jama'a, kuma ba kai za ka zaɓi jama'ar ba.